Ranar da Yaya Auwalu ya buɗe wa Ummi ƙofa

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Yaya Auwalu makwancinsa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni mahauci ne, teburin mahaifinmu na gada a kwatar Abattoir da ke nan Jos, kuma a gidanmu shi ne mai alƙalami. Bana ma da na yi masa sadaka kamar yadda na saba na koma kan aikina, ba don tambayar da 'yarsa ta yi mini ba.

Ummi ita kaɗai ya bari, tana da shekara biyar ya rasu. Sunan mahaifiyarmu ya sa mata, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanta na yanka ba. A hannuna ta tashi bayan mahaifiyarta ta sake aure a wani gari. Yanzu tana shekara ta biyu a jami'a can Naraguta, kuma ba tare da wani ya tura ta ba ta zaɓi karatun da ubanta ya koyar, wato ilimin garkuwar jiki. Kwanakin baya ta taso daga makaranta da rana tsaka, ba ta biya gida ba, ta same ni a kwata ina wanke teburi. Ta tsaya da jaka a kafaɗa, ko gaisuwa babu, abin da ba halinta ba.

"Baffa, tabon nan na goshina na ƙarambau ne ko?"

Na ce mata haka ne.

"A watan da Abba ya rasu na yi shi, ko ba haka ba?" Ba ta jira amsa ba. "Yau aka koya mana abin da ƙarambau ke yi wa mai ciwon ɓargo irin nasa. Baffa, ni na sa masa?"

Na ce ta wuce gida, ina nan tafe. Tun tana ƙarama abin da muke gaya mata shi ne ciwon daji na ɓargo ya kashe mahaifinta, kuma ba ƙarya muka yi ba. Sai dai akwai sauran magana, ga shi yarinya ta je makaranta ta haɗa lissafinta da kanta. Na tsaya da tsumma a hannu ina kallon ta har ta sha kwana, na san cewa abin da zan faɗa mata da yamman nan shi za ta riƙe har tsufanta. Abin da na faɗa matan shi ne wannan rubutu, kuma da izininta nake yin sa.

Shekara biyu ce tsakanina da Yaya. Tare Baba ya fara kai mu kwata, kuma ba a daɗe ba kowa ya gane wanda zai ci gadon. Yaya yana riƙe wuƙa kamar mai riƙe fensir. In ya yanka tsoka sai mai saye ya ɗaga ta sama yana tambaya ko ɓera ne ya gutsura. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne likitan dabbobi da ke zuwa da safe, yana bin gawar kowace saniya yana tsaga 'yan ƙulluttan nan da ke ɓuya cikin kitse a wuya da hammata da matsematsi, waɗanda muke kira kaluluwa. Mu dai abin da aka koya mana shi ne mu cire su mu jefa wa karnuka. Yaya ya dami Baba da tambayar amfaninsu, har ranar da Baba ya gaji ya ce masa wanda ya halicce su ya sani, shi dai ya cire. A shekarar ne Baba ya yanke shawarar a bar shi ya yi ta bokonsa, kafin ya kore masa sauran masu ciniki.

Tare kuma muka yi ƙarambau, ina aji biyu na firamare. A tabarma ɗaya Inna ta kwantar da mu, tana dafa ganyen dogon yaro tana yi mana wanka da ruwan, tana bugun hannun duk wanda ta kama yana susa. Ni na ji maganarta. Yaya kuwa sai ta juya baya ya kai farce, shi ya sa ya tashi da ɗan rami a gefen hanci. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan tabarmar, don za mu dawo kanta.

Da ya gama karatu ya dawo yana koyarwa, duk Asabar sai ya zo kwata karɓar rabonsa na kayan ciki. Sauran mahauta suna yi masa kirari da Dakta, ni kuma ina ce masa Dakta na karnuka, tunda duk shekarun da ya kwashe a makaranta a kan abincinsu ya ƙare. Ba ya jin haushi. Wata Asabar ya zaro kaluluwa ɗaya daga kwandon shara, ya sa na sara masa ƙashin cinya gida biyu ɓargo ya fito, ya ajiye su gefe da gefe a kan teburi, ya yi mini darasin da har yau ban manta ba.

Ya ce mutane suna son cewa sojojin jiki, shi kuwa ba ya son kalmar, don mu mutanen Jos mun ga sojoji a shingen hanya har mun ƙoshi. Ya ce abin ya fi kama da zaman unguwa. In cuta ta shiga jiki, akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne su gutsuro ɗan yanki daga jikinta su kawo cikin kaluluwa. A can akwai wasu ƙwayoyin masu haɗa makarin cuta, amma ba sa yin nisa da aikin sai wasu na uku, da ya kira mataimaka, sun zo sun manne musu jiki da jiki, sun shaida cewa su ma sun ga wannan baƙuwar. Kumburin da mutum ke ji a matsematsi in ya ji ciwo a ƙafa, cunkoson wannan taron ne. Duk ƙwayar da ba ta sami mataimakin da zai taɓa ta ba, a nan take mutuwa. Waɗanda suka samu, wasu su ci gaba da yawo a jiki ɗauke da kamannin cutar ko za ta dawo, wasu kuma su tare a cikin ɓargo su zauna shekara da shekaru suna ɗiga makarin cikin jini kaɗan-kaɗan. Ya ce shi ya sa ni da shi ba za mu sake yin ƙarambau ba.

Sai ya dangwali ɓargon da yatsa ya ce abin da ya fi ba shi mamaki yana nan. Waɗannan masu riƙe da tarihin cutar ba da ƙarfin kansu suke daɗewa ba. Kowace tana da ɗan gurbinta, kewaye da wasu ƙwayoyin da ba ruwansu da yaƙi da cuta, aikinsu kawai su riƙe ta, su ciyar da ita, su yi ta aika mata saƙon ta zauna da rai. Ya ce shi da abokiyar aikinsa Madam Kangyang sun sha ciro su su zuba a kwanon gwaji, a ba su abinci da ɗumi da duk abin da ake bukata, amma in babu maƙwabtan nan, kwana kaɗan sai su mutu. "Ka gani ko, Sabo," ya ce, "ko a cikin ƙashi, mai tuna abu sai da wanda zai zauna kusa da shi." Na ce masa ya gama ya matsa, ga mai sayen hanta tana jira.

Ciwon ya fara da baya. Mun ɗauka tsayuwar aji ce. Sai wata rana ya yi tari haƙarƙarinsa ya tsage. Da aka ɗebi jininsa da ɓargonsa, shi ya fara duba abin a madubin ɗakin gwaji kafin likitocin da ke duba shi, don haka ba wanda ya sha wahalar neman yadda zai gaya masa. Ya zo ya same ni a kwata, ranar ba Asabar ba. Ya ce ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan na ɓargo da ya ba ni labari ce ta haukace, tana ta hayayyafa ba tsayawa, 'ya'yanta suna cinye guraben sauran suna korar su. Ya ce duk cutar da ya yi yana yaro, duk allurar rigakafin da Inna ta goya shi ta kai aka yi masa, jikinsa yana mance su ɗaya bayan ɗaya, kuma maganin da za a ba shi zai ƙarasa share abin da ya rage. Har da dariyarsa ya faɗa, wai cikin duk cututtukan duniya sai wadda ya fi sani ta zo masa. Ni ban ga abin dariya ba.

Da jiki ya yi nauyi ya dawo gidanmu na gado, muka gyara masa ɗakin Baba mai taga ta gilashi da ke kallon tsakar gida. A nan ya kafa dokar da ta jawo mana baƙin jini. Ba mai shiga sai matarsa da ni, mu ma sai mun wanke hannu mun ɗaura takunkumi a fuska. Mai mura ko tari kada ya wuce zaure. Yara kuwa ko kusa da ƙofar. Wanda ya san mu ya san abin da wannan ke nufi. Mu mutane ne da in aka ce wane ba lafiya, a cika ɗaki a zauna har bakin gado, a kama hannunsa, a tofa masa addu'a, a buɗe kwanon da aka kawo a ce sai ya ɗanɗana. Wanda bai je dubiya ba ya yi laifi, wanda aka hana shiga kuwa an ci mutuncinsa.

Gwaggonmu ta taso tun daga Bukuru da kunun gyaɗa a fulas, tana tari tana share hanci da gefen mayafi. Ni na tare ta a zaure. Ta yi kuka ta ce ita ta yanke wa Auwalu cibi, yau ita ake ƙyama, boko ya gama da shi. Mahautan kwata suka zo gayya guda bayan sallar Juma'a, suka ƙare a tsaye a tsakar gida suna ɗaga masa hannu ta gilashi, yana ɗaga musu. Da suka fita na ji wani yana cewa girman kai ne, ko sarki ana shiga a gaishe shi. Akwai waɗanda har gobe gaisuwarsu da ni sama-sama ce saboda wannan tsaron ƙofa da na yi.

Mutum ɗaya ce daga waje ke shiga, Madam Kangyang. Daga Kabong take zuwa, a shekarun rikicin nan da mutanen can ba sa son tsallakowa wajenmu, mu ma ba ma son tsallakawa wajensu. Takan ajiye motarta nesa, ta yafa mayafin da matata ta ba ta, ta shigo da akwatin ɗibar jini. Kullum in za ta fita sai ta tsaya ta nuna ni da yatsa. "Oga Sabo, abeg, kar ka bar wani yaro ya shiga wurin nan. Ko Ummi ne. In ya yi kuka, bar shi ya yi kuka, kuka ba ya kashe mutum." Ta gaya mini a gefe cewa maganin ya daina kama ciwon yadda ake so, amma in muka tsare shi daga kamuwa da wata cuta, yana iya ƙara shekara, wataƙila ma fiye.

Ummi ce dokar ta fi ci. Aka kifa mata tsohon turmi a ƙarƙashin tagar, ta riƙa hawa tana leƙa shi. A nan take karanta masa abin da aka biya musu a Islamiyya, a nan take kai ƙarar 'ya'yana in sun ci zalinta. Tana jera masa murafen kwalba a bakin tagar, wai ajiya. Haka suka yi wata da watanni. Da farko tana rigimar sai an buɗe mata, daga baya ta saba ta daina tambaya, kuma wannan sabon ya fi rigimar damun Yaya. Ran nan wata ƙawarta ta tambaye ta ina babanta, ta ce, "Abbana a cikin taga yake." Yana jin su. Da na shiga kai masa ruwan alwala na tarar ya juya fuska bango. Ya ce mini yaron da bai kai shekara shida ba abu kaɗan yake riƙewa, kuma abin da Ummi za ta riƙe game da shi gilashi ne.

Da farkon damina ƙarambau ya shigo unguwa, ya bi gidaje ɗaya bayan ɗaya har ya iso namu, ya kama Ummi. Muka raba aiki. Mahaifiyarta ta zauna ɓangaren Yaya ba ta zuwa inda take, ni da matata muka ɗauke ta zuwa can ƙarshen gida, tunda mu duka mun yi shi muna yara. Ni ina ɗaukar ta ina rungume ta ba abin da ya same ni. Jikina bai mance tabarmar Inna ba. Na wanda muka kwanta tare a kanta ne ya mance.

Ƙurajen sun yi mata yawa, har cikin baki da fatar kai, ga zazzaɓi. Ba ta kiran kowa sai Abba. Wata rana bayan la'asar hadari ya haɗo, aka fara sako ƙanƙara irin ta Jos, kwanon rufi kamar zai tsage. Mata suka ruga kwashe shanya. Ni kuma dawowata ke nan daga kwata ina canza riga. Cikin wannan hayaniya Ummi ta sulale ta fita. Ba ta da ƙarfin hawa turmin, sai ta je ta zauna a bakin ƙofarsa, tana kuka tana goga bayanta da katakon. Na fito da gudu na sunkuya zan ɗauke ta, sai na ji an murɗa makulli daga ciki.

Yana tsaye da rigar sanyi, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa, babu takunkumi a fuskarsa. Na sha gabansa.

"Yaya, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Sabo, duk garin Jos ba wanda ya fi ni sani. Je ka ɗauko mini maganin shafawarta."

Na tsaya. Ya sake faɗa da muryar da yake aike na da ita tun muna yara, na je na ɗauko. Ya zauna a dokin ƙofa, ya kifa ta a kan cinyarsa, ya ɗage mata riga, ya riƙa tsiyaya farin maganin nan mai sanyi a tafinsa yana bin ƙurajen da hannu, daga tsakanin kafaɗu har ƙasa. Matarsa tana bayansa ta toshe baki da mayafi. Kukan Ummi ya yi ta raguwa har ta yi barci. Bai yi wata doguwar magana ba. Abin da kawai ya ce mini shi ne ko na tuna ɗacin ruwan dogon yaron Inna in ya shiga baki. Yana riƙe da ita har aka kira magariba, sannan ya miƙo mini ita ya koma ciki.

Washegari Madam Kangyang ta zo, na gaya mata. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta shiga ta yi masa faɗa da Hausa da Turanci da yarensu, ta fito ta bazama gari neman allurai da ƙwayoyin da ake ba wanda ya yi cuɗanya da mai cutar, ta samo abin da ya samu. Da za ta tafi ta zauna a zaurenmu ta yi kuka, tana cewa, "Shi ne ya koya min wannan abu fa. Shi ne ya koya min." Bayan mako biyu da 'yan kwanaki ƙuraje suka feso masa, manya baƙaƙe, ba irin na yara ba. Daga nan cutar ta sauka huhu. A asibiti, ranar da ya samu numfashin yin magana, ya jawo hannuna ya ce in Ummi ta girma ta tambaya, in gaya mata shi ya murɗa makullin. Ummi na warkewa tana ɓare ɓawon ƙurajenta a tsakar gida, mu muna karɓar gaisuwa a ƙofar gida.

Zan faɗi gaskiya, na daɗe ina jin haushinsa. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, na kuma yi imani da haka. Amma ni na tsaya a zaure na kori gwaggonmu, ni na sha zagin abokan sana'a, duk don a saya masa shekara guda, shi kuma ya bayar da ita a yammaci ɗaya. A shekarar nan da Ummi ta shiga firamare yana gani, ko ta gilashi ne. Matarsa ba ta taɓa yi mini maganar ba har ta bar gidan, amma na san ita ma abin yana cin ta. Har yanzu in an ce in rantse cewa daidai ya yi, ba zan iya ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga zamanin nan. Da korona ta zo, mutanen da suka kira dokarsa girman kai su ne suka riƙa yawo da takunkumi suna gaisawa daga nesa, gwaggonmu ma har ta rasu da ɗaya a jakarta. Ina jin da ya yi dariya. Yau kowa ya iya cewa garkuwar jiki. Masu mota da lasifika suna tallar garin magani a bakin kasuwa wai yana ƙara ta, a waya kuma kullum da sabon malamin da zai ce kada a kai yara rigakafi, har mashaƙo da muka ɗauka ya zama labari ya dawo yana ɗaukar yara. Wannan da ya ƙona masa rai, don ya sha faɗa cewa allurar rigakafi ba komai ba ce illa kiran taron nan na cikin kaluluwa tun kafin cutar gaske ta iso. Ummi ta ce mini yanzu a ƙasashen waje ana ciro ƙwayoyin garkuwar mai ciwon irin nasa, a koya musu gane masu haukan, a mayar masa da su jiki. Da ya ji wannan da ya hana ni ciniki wata Asabar ɗin da bayani. Ni abin da na ji shi ne maganin ya zo a makare, kuma ko da ya zo da wuri ba ƙofar gidan mahauci zai fara ƙwanƙwasawa ba.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne waɗanda suka san shi suna ƙarewa. Tsofaffin kwata da ke masa kirari saura ɗaya ko biyu. Abokan ajinsa na firamare, rabinsu sun koma wasu unguwanni tun lokacin da gari ya rabu, ba ma haɗuwa sai a asibiti ko a layin banki. Madam Kangyang ta yi ritaya ta koma ƙauyensu, sai dai waya da Sallah da Kirsimeti. Littattafansa mun kai makaranta, ban san ko ana buɗe su ba. A gidan nan ni kaɗai na rage da zan iya cewa ga yadda yake dariya, ni ma gashina ya yi fari.

Da yamman da Ummi ta yi mini tambayar, na same ta zaune a tsakar gida ba ta ko cire takalmi ba. Na ce ta taso. Na kai ta bakin ƙofar ɗakin, wanda yanzu buhunan masara ne a ciki, muka zauna a dokin ƙofar. Na ba ta labarin kamar yadda na bayar a nan, ban rage ba. Na ce mata e, ƙarambaunta ne ya kama shi. Na ce mata kuma yarinya 'yar shekara biyar mai zazzaɓi ba ta buɗe ƙofar da aka kulle ta ciki, kuma ga saƙon da ya bar mata. Ta saurara ba ta yi kuka ba, tana ta murza igiyar jakarta.

Sai na yi mata tambayar da ni ma ta daɗe tana cina. Na ce, "Ummi, kina tuna ranar?"

Ta girgiza kai. Ta ce abin da take tunawa da Abba taga ce, da wani mutum a bayanta wanda fuskarsa ba ta fita sosai, sai ta duba hoto take cike sauran. Na ce a raina shi ke nan, Yaya ya sayar da shekararsa a banza, gilashin da ya ji tsoro shi ɗin dai ya rage.

Can sai ta kamo hannuna na dama ta juya tafin sama, tana kallon kantar da wuƙa da gatari suka yi mini shekara arba'in.

"Baffa, akwai wani abu da nake tunawa, amma ba na Abba ba ne, naka ne. Ina kwance a cinyarka, bayana kamar wuta, ana ta jifan kwano da duwatsu. Kana shafa mini wani abu, hannunka da sanyi, da laushi." Ta shafa kantar da babban yatsanta. "Tun ina ƙarama nake kallon hannun nan ina mamakin yadda aka yi ya yi laushi ranar."

Na ce, "Ba hannuna ba ne, Ummi."

A nan ne ta yi kukan. Ban hana ta ba, don ni ma ba ni da bakin hanawa.

Ban san ko nauyin ya sauka daga kanta ba. Ta koma makaranta, tana cin abinci, tana karatu, amma ta rage surutu, kuma na san tambaya irin wannan ba ta mutuwa da amsa ɗaya. Ni ma ban fasa ganin cewa shekara guda ba ƙaramin abu ba ce. Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Abin da na tabbatar ya bari shi ne sanyin tafin hannu a bayan 'yarsa, wanda ya zauna a jikinta shekara goma sha huɗu da sunana a kai, har ranar da aka zauna kusa da ita aka gaya mata mai shi. Allah ya sanyaya masa kabari kamar yadda ya sanyaya mata baya.

Jiya da safe na fito zan tafi kwata na gan ta tsaye a bakin ƙofar ɗakin da kofin shayi, ba ta san ina kallo ba. Ta kai hannu ta baya ta taɓa tsakanin kafaɗunta, daidai inda ya fara.